Itacen Ado A Tsakar Gida Da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore mana ƙasa da ruwa da tsirrai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani abu ne da mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin al'amarin addini ba, watau zaɓen itacen da magidanci zai dasa a gidansa don ado. Da zarar ruwa ya sauka, sai ka ga masu sayar da dashe sun jera kayansu a bakin titi cikin 'yan baƙaƙen ledoji. Mutum ya tsaya ya ɗauki wanda ganyensa ya ba shi sha'awa, ya kai gida, ya haƙa rami a gindin katanga ya dasa. A wannan rana dashen bai fi kamu guda ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce yadda zai zama bayan shekara 15, sa'ad da rassansa suka leƙa gidan maƙwabci, saiwoyinsa kuma suka kai ga harsashin gininsa. Daga nan ne gaisuwa takan yi sanyi tsakanin mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci, har magana ta kai gaban mai unguwa, wani lokaci ma gaban alƙali.

Iyayenmu ba su sha wannan wahala sosai ba, domin suna da fili. Durumi ko ceɗiya a ƙofar gida, tsamiya da kuka a bayan gari, kowanne yana da inda zai miƙe. Yau kuwa a birane filoti ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, wasu ma rabin wannan suka samu. In aka fitar da ɗakuna da madafa da makewayi da ramin shadda, abin da ya rage ɗan zirin wuri ne a jikin katanga. Wanda yake son kore a irin wannan gida, lalle ne ya nemi itace siriri, mai tafiya sama ba mai baje rassa ba.

Bari mu fara da asalin dashe. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, bushara daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga Musulmin da ya yi dashe ko shuka: duk abin da aka ci daga ciki ana rubuta masa ladan sadaka, ko da tsuntsu ne ya ci ko dabba, balle ɗan Adam. A ruwayar Muslim daga Jabir har abin da aka sata an lissafa shi cikin sadakar. Imam Ahmad kuma ya ruwaito umurnin cewa wanda tashin Alƙiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannu, in yana da halin dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Saboda haka kada wani ya fahimci darasin nan a kan cewa muna rage wa mutane himmar dashe. Ƙasar da hamada take ci kullum ba ta da itacen da ya yi mata yawa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai waɗannan hadisai suna magana ne a kan abin da ake ci, ina hukuncin itacen da ba ya ba da komai sai kyan gani? Amsa ita ce halal ne. A Suratun Namli, aya ta 60, Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa lambuna cikin ayoyin ikonsa, ya kuma siffanta su da ƙayatarwa, ba da 'ya'yansu kaɗai ba. A Suratu Ƙaf, aya ta 10, ya ambaci itatuwan dabino da siffar tsawo. A Suratul A'arafi, aya ta 32, ya yi inkari ga mai haramta adon da ya fitar domin bayinsa. Niyya kuwa tana iya ɗaga halal ya zama abin lada, kamar a yi nufin iyali su sami inuwa, ko a rage ƙurar hunturu, ko tsuntsaye su sami masauki. Abin da yake ɓata shi abu biyu ne, fahari da almubazzaranci. Mutumin da yake sakar wa itacen adonsa famfo dare da rana, alhali maƙwabtansa suna bin mai ruwa da jarka a hannu, ya kamata ya sake dubawa. Dabara mai sauƙi ita ce a dasa itacen kusa da inda ake alwala, ruwan da zai tafi lambatu ya zama rabonsa.

To, ina haƙƙin maƙwabci ya shigo? Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin nan da ya zama ginshiƙi a fiƙihu, wanda ya hana cutar da wani, ya kuma hana rama cuta da cuta. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, da ya zo bayaninsa sai ya ba da misalai duka daga zaman maƙwabtaka: buɗe taga kusa wadda za a riƙa hango cikin gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da tasa, da haƙa ramin da zai cuce shi ko da a cikin mallakar mai haƙar ne. A lura da wannan ƙarshen. Cewa "gidana ne, ƙasata ce" ba hujja ba ce a shari'a in cutar ta ƙetare iyaka. Malamai sun tabbatar da cewa wanda ya mallaki fili ya mallaki sararin da yake samansa da ƙasar da take ƙarƙashinsa. Ashe ke nan reshen da ya haura katanga ya shiga mallakar wani ne ba da izini ba, haka nan saiwar da ta bi ta ƙarƙashi, sai dai ita ba a ganinta sai ranar da bango ya tsage.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin Samura ɗan Jundubi, Allah ya yarda da shi, wanda yake da wasu itatuwan dabino a cikin garkar wani mutum Ba'ansare. Mutumin yana zaune a wurin tare da iyalinsa, shigar Samura kuwa don duba dabinonsa tana takura su. Ba'ansaren ya nemi ya sayar masa, ya ƙi. Ya nemi su yi musanya, ya ƙi. Da magana ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya maimaita masa tayin ciniki da na musanya, sa'an nan ya kwaɗaitar da shi ya bayar kyauta ya sami lada, duka bai amsa ba. Daga nan ne ya bayyana masa cewa abin nasa ya zama cutarwa, ya ba Ba'ansaren izinin tumɓuke dabinon. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma malaman fiƙihu sun yi ta kafa misali da ita, domin ma'anarta ta dace da ƙa'idar da muka ambata. Abin lura a nan shi ne dabino ne fa aka tumɓuke, itacen da Annabi ya kamanta shi da Musulmi a hadisin Abdullahi ɗan Umar. Darajar itace ba ta kare shi ba da ya zama sanadin takura wa iyalin wani.

Akwai wani hadisin kuma a Abu Dawuda, daga Abu Sa'idul Hudri, wanda a ganina shi ne ya fi amfani ga mai shirin sayen dashe. Mutum biyu suka yi jayayya a kan hurumin wani dabino, watau iyakar filin da yake nasa a kewaye da gindinsa. Sai aka yi umurni a auna zarbarsa. A wata ruwaya aka sami zira'i 7, a wata zira'i 5, aka yanke hukunci da abin da awon ya nuna. Zira'i bai cika rabin mita ba, saboda haka zira'i 7 ya kama mita 3 da 'yan kai. Hikimar a bayyane take: hurumin itace gwargwadon inda rassansa suke kaiwa ne. To, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai gida ya ɗauka. Kafin ya ba da kuɗinsa, ya nemi tsohon itace irin wanda yake so, wanda ya gama girma a fili ba a taɓa sare shi ba, ya auna daga gindinsa zuwa bakin reshensa mafi tsawo. Sa'an nan ya koma gida ya auna daga inda zai haƙa rami zuwa katangar maƙwabci. In awon gida bai kai na itacen ba, wannan itace ba nasa ba ne, komai kyansa. Ya kuma ƙara wani abu a kan awon, domin sau da yawa saiwa takan wuce inda rassa suka tsaya.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ba su bar wannan babi a dunƙule ba. Shehu Halilu ɗan Is'haƙa, a cikin Muhtasar, ya bayyana cewa alƙali yana hukunta a sare abin da yake cutar da bango daga itace, in itacen ne ya zo bayan bangon. In kuwa itacen ya riga bangon, akwai zance biyu. Muɗarrifu yana ganin a sare abin da ya yi cutar duk da haka. Ibnul Majishun yana ganin a bar shi, domin mai ginin ya tarar da itacen, ya san zai yaɗu, ya kuma zo ya yi gini a cikin huruminsa. Alƙali Ibnu Asim na Garnaɗa a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 829 ta Hijira, ya keɓe fasali guda a Tuhfatul Hukkam a kan cutarwar itatuwa kaɗai. Mai karatu zai ga cewa wanda ya dasa itace yau a jikin katangar da ta riga shi ba shi da mafaka a cikin wannan saɓani. Duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa nasa abin sarewa ne.

A wannan wuri dai Muhtasar ya ce ba a hukunta kawar da abin da ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska kawai, sai fa in masussuka ce, domin amfaninta duka ya rataya a kan rana da iska. Wannan sauƙi ne ga mai dogon itace siriri, tun da inuwa kaɗai ba ta isa hujjar sare shi ba. Amma zamani ya zo da wata mas'ala. Gidaje da yawa yanzu sun ɗora faifan sola a kan rufi, da shi suke samun wuta. In itacenka ya rufe wa maƙwabci faifansa rabin yini, ni dai ina ganin wannan ya fi kama da masussuka fiye da inuwar da ta faɗa a tsakar gida kurum, ko da yake yanke hukunci aikin alƙalai ne. Mai tsoron Allah ba ya jira sai an kai nan.

Yanzu sai mu dubi itatuwan da kansu. A nan shari'a ta mayar da mu ga masu sani, kamar yadda Annabi ya bar wa manoman Madina sha'anin barbarar dabinonsu a hadisin da Muslim ya ruwaito. Ma'aikatan gandun daji da tsofaffin masu lambu su ne malaman wannan fanni. Mai sayar da dashe kuwa, a tambaye shi, amma a tuna cewa ciniki yake nema.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, shi ne ya fi yawa a hannun mutane, shi ne kuma ya fi jawo rigima. Asalinsa daga Indiya ne, an shigo da shi Lardin Borno a 1928, ya kuwa yi wa Arewa rana. Wanda ya ga titunan Maiduguri ya san haka, alhazai kuma sun sha inuwarsa a filin Arfa. Amma babban dogon yaro yakan baje fiye da ƙafa 30, watau fiye da rabin faɗin filoti. Wurinsa bakin babbar hanya ne, da filin Idi, da makaranta, da kasuwa. Durumi da ceɗiya da gamji sun fi shi ɓarna a ƙarƙashin ƙasa, domin saiwoyinsu masu bin danshi ne, sukan nemi ramin shadda da bututun ruwa su shige, sukan kuma ɗaga daɓen siminti. Mangwaro ma babban itace ne, ga yara da jifa in ya nuna. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne. Yana tashi siriri sambal, sai a zaci ya dace da ɗan lungu. Alhali tsawonsa yana wuce gidan bene, yana da shan ruwa ƙwarai, rassansa kuma sukan karye su faɗo a kan rufi in an yi iska.

Wanda ya fi cancantar sunan siririn itacen ado a cikin waɗanda ake samu a wurinmu shi ne wanda masana tsirrai suke kira Polyalthia longifolia, ɗan asalin Indiya da Siri Lanka. A Nijeriya an fi saninsa da wani sunan Turanci mai ma'anar itacen dodo, saboda rassansa suna zubowa ƙasa su lulluɓe shi tun daga kai har gindi kamar shigar dodannin Kudu. Kada sunan ya tsorata kowa, kamanni ne kurum, babu wani hukunci da ya rataya a kansa. Ganyensa dogo ne mai sheƙi, baki-bakinsa a lanƙwashe, yana nan kore rani da damina in yana samun ruwa. Yana wuce ƙafa 30 a tsawo, amma faɗinsa bai cika wuce 'yan ƙafafu kaɗan ba, ana kuma iya datse kansa a tsayar da shi inda ake so. In aka jera shi yana tare ƙura da idon masu wucewa, wannan kuwa sutura ce ga iyali. Aibinsa shi ne inuwarsa kaɗan ce, mutane ba sa cin 'ya'yansa sai jemagu da tsuntsaye, kuma yana bukatar ban ruwa da rani, musamman yana ƙarami. Shi ma ba a manna shi da katanga. A bar masa kamar taki biyu, a kuma ɗaga kai a duba ko akwai wayar lantarki a samansa.

Dabino fa? Babu itacen da zuciyar Musulmi ta fi karkata gare shi, ƙasarmu kuma tana karɓarsa, ga Dutse a Jihar Jigawa inda akwai tashar binciken dabino, ga kuma dausayoyin Kawar da Azbin a Nijar. Sai dai sirantakarsa ta tsufa ce. Shekarunsa na farko zarbarsa a ƙasa take baje, a gindin kowace zarba kuma akwai ƙaya mai tsini daidai idon yaro. Wanda zai dasa shi ya tuna da zira'i 7 ɗin nan. Ya sani kuma akwai namiji akwai mace, wanda aka shuka daga ƙwallo ba a gane ko wanne ne sai ya yi fure bayan shekaru, saboda haka ya fi kyau a dasa ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwar da aka san 'ya'yanta. In ya girma kuma sai wata mas'alar ta taso, ta hawa. Shehu Halilu ya ce ba a hana mutum hawa dabinonsa, amma wajibi ne ya sanar kafin ya hau, domin matan maƙwabta su kimtsa. Dubi yadda malaman nan suka bi abu har ƙwanƙolinsa. Wannan hukunci ya hau kan duk wanda zai hau itace ko tsani a cikin gari, har da yaron da aka ɗauko ya yi sassabe, har da mai gyaran eriya.

Ni kuwa da za a bi shawarata, da mai ƙaramin gida ya fara duba ƙananan itatuwan da suka haɗa ado da amfani, domin ya shiga cikin busharar hadisin Anas kai tsaye. Rumman, wanda aka ambata sau 3 a Alƙur'ani, ba ya girma ƙwarai, furensa ja ne mai kyau. Lalle yana jure aski, furensa yana da ƙamshi, mata kuma ba sa rasa abin yi da ganyensa. Zogale siriri ne mai saurin tashi, a riƙa datse shi kada ya yi tsawo ya karye, ganyensa ya shiga kwaɗo da miya. Gwanda ba ta da rassan da za su ƙetare katanga, saiwarta ba ta da ƙarfin fasa gini, takan yi 'ya'ya cikin kamar shekara guda, in ta tsufa kuma sai a sare a sa wata. Babu ɗayansu da zai ba da inuwar durumi, amma wanda yake da zirin ƙafa 6 ba inuwar durumi Allah ya hore masa ba.

Mai dasawa a ƙofar gida kuma ya tuna hanya tana da nata haƙƙin. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa in aka yi saɓani a kan faɗin hanya, zira'i 7 ake bar mata. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da aka gan shi yana walwala a Aljanna saboda wani itace da ya sare wanda yake cutar da mutane a kan hanya. Lungun da mota ɗaya take wucewa da ƙyar, wanda ta nan ake fita da mara lafiya da gawa, ba wurin kafa lambu ba ne. Ɗan haya kuwa ba ya dasa itace mai daɗewa sai da yardar mai gida.

Saura wanda ya riga ya dasa, itacen kuma ya girma. Kada maƙwabci ya ɗauki abin da muka faɗa ya zama makami, ya tashi da gatari. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya, ya kuma fassara shi da wanda ya sare wadda matafiya da dabbobi suke shan inuwarta, a banza ba da wani haƙƙi ba. Abin da shari'a ta ba maƙwabci shi ne a kawar masa da cutar gwargwadonta. In datse reshe ya isa, ba a taɓa gindi. Ya fara yi wa mai itacen magana a asirce, in bai ji ba ya nemi dattawan unguwa ko liman, in abin ya faskara sa'an nan a je ga alƙali, kamar yadda aka bi da Samura mataki-mataki. Aikin datsewar a kan mai itace yake, itacen da aka datso kuma nasa ne.

'Ya'yan da suka faɗa gidan maƙwabci ma na mai itace ne, faɗuwarsu a can ba ta fitar da su daga mallakarsa ba. Tun da yara ba za su bar mangwaron da ya faɗo gabansu ba, abin da ya fi shi ne mai itacen ya furta da bakinsa cewa duk abin da ya faɗa ta wancan gefe ya halatta musu, tun da su ne suke sharar ganyensa. Allah shi ne mafi sani.